Igiyar Mairijiya

Ruwa ya dawo. Tun shekaranjiya yake zuba a kan kwanon ɗakina a nan Adjamé, babu tsawa babu iska, zuba kawai, irin wadda ke sa bango ya yi gumi, tabarma ta yi warin danshi. Jikokina murna suke don an ce kar a je lakwal, wato makaranta. Ni kuwa in ruwan Yuni ya kama haka, ko tuwo ba ya wuce mini da daɗi. Irin wannan ruwan ne ya cinye mini miji, a cikin kanibon da ya ratsa bayan unguwarmu, wato babbar magudanar siminti da ke kwasar ruwan tudu tana gangarawa da shi ƙasa. Na tsufa, haƙora sun zube, amma ƙarar kanibon nan in ya cika har yau ita ce dai.

Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa da furfura zan fara ba. Mairijiya kowa ke ce masa, don kafin ya sauko Abidjan haƙar rijiya yake yi a ƙasar Adar, shi da ubansa. A nan garba yake sayarwa, wato aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi. Da na biyo shi daga Tawa, a unguwar Biafra muka fara zama, can Treichville, a wani gida mai ɗakunan katako manne da juna. Kowace ƙofa da murhun gawayi, kowane ɗaki da fitilar kananzir, in maƙwabcinka ya yi atishawa kai za ka amsa masa. Wani rani wuta ta tashi da rana tsaka, ta lashe gidaje a jere kafin a gama salati. 'Yan kwana-kwanan gwamnati, da muke ce wa pampiye, sun zo da jar motarsu, to amma lungun da ko baro ba ya wucewa ta ina mota za ta shiga? Kafin su ja tiyo su iso ciki, toka ce ta rage.

Juma'ar da ta biyo baya dattawa suka zauna a ƙofar masallaci, a nan aka kafa ƙungiyar. Ba ta da ofis, ba ta da suna. Maƙwabtanmu Jula ne suka raɗa musu pampiyen Hausa, yara kuma suna tsokanarsu da 'yan bokiti. Rabon aiki kuwa da gari aka yi shi, don mutanenmu ko ɗaukar makara ce sai sun tambayi ɗan wane gari ne zai riƙe gaba. 'Yan Maraɗi su ne na ruwa, su jeru daga famfo zuwa bakin wuta, bokiti na bin hannu. 'Yan Damagaram aka ba ƙugiya da gatari, su rushe ɗakin da ke gaban wuta don ta rasa abin ci, kuma ba su taɓa yin wannan aikin ba tare da mai ɗakin ya zage su ba. 'Yan Tawa, masu rijiya, su aka ba igiya, su ne masu fito da mutum. Mu mata aikinmu cika gangunan da aka ajiye a ƙofar kowane gida, in an fito da kaya kuma mu zauna a kai, don ɓarawo ba ya jiran wuta ta mutu. Aka rataye tsohon ƙarfen tayar babbar mota a reshen mangwaro. Duk wanda ya ji an buge shi, ko ciniki yake, ya bari ya fito.

Da muka koma Adjamé don ya kusanci rumfarsa da ke wajen da ake ce wa Roxy, mutanenmu na nan suka ce su ma a kafa musu irinta. Aka samo wani ƙarfen aka rataye a wani mangwaron, aka ɗora Mairijiya a kan 'yan igiya. Na biyunsa Illa ne, abokinsa tun suna kiwon awaki, mai sayar da gawayi, ƙato mai hannuwa kamar faranti. Mairijiya ke shiga, Illa ke riƙe gaban igiya, sauran na bayansa.

Aikin nan irin na rijiya suke yinsa sak. Akwai wani ƙulli da ake yi a ƙugu, wanda duk yadda aka ja ƙara kamawa yake, shi kansa wanda aka ɗaure ba ya iya kwance shi. Gangan aka yi shi haka, don mutum in ya suma a ƙasan rijiya ko ya ruɗe kar ya zame. Akwai kuma doka guda, wadda duk sabon shiga sai ya maimaita a gaban jama'a: hannun da ya kama igiya ba ya buɗewa sai na ƙasa ya fito. Kuma ta yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Da ita suka ciro wani magini da ramin masai ya rufta da shi. Da ita suka sauko da wata mata ta taga daga bene mai cin wuta. Ni kaina in na ga Illa ya naɗe ta a hannu ya kafa ƙafa, hankalina kwanciya yake.

Shekarar da nake ba da labari, azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Mu nan ruwa ya ƙi ɗaukewa, can gida ya ƙi sauka. Kowace mota ta iso tasha sai ta sauke mutanen Adar, busassu, da ɗan ƙunshi a hammata, suna tambayar gidan wane ɗan wane. Wa zai kori nasa? Tsakar gidanmu ta cika, maza na kwana a ƙarƙashin zubin kwano suna takure ƙafa. Akwai wani tsoho da ya fito ya tsaya cikin ruwan, ya ɗaga kai sama ya ce, "Ya Allah, rabin wanga kaɗai, a kai mana gida." Babu wanda ya yi masa dariya.

Wanda bai yi azumi cikin ruwa ba bai san shi ba. Ƙishi babu, ko ka buɗe baki iska ma jiƙaƙƙiya ce. Yunwa ce da sanyi, su haɗu su shiga ƙashi. Da asuba in durƙusa ina hura gawayin da ya sha ruwa, hayaƙi ya cika ido, wuta ta ƙi kamawa, har a kusa kiran salla ba a ɗora kome ba. Da hantsi mu mata mu kama kwasar ruwan da ya shigo ɗaki, mu ƙara wa ƙafafun gado bulo. Wanki ya yi kwanaki a rataye yana tsami, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage. Masai ya cika ya tumbatsa, sai ka ɗaure hanci da gyale ka wuce. Ramatu, autata, tana goye a lokacin, zazzaɓi ya sake ta yau gobe ya dawo.

Kasuwa kuma ta mutu. Wa zai tsaya cin garba ruwa na dukan ƙeyarsa? Mairijiya ya fita da buhun leda a ka, ya yini a rumfa, ya dawo da rabin aceken ya yi tsami. Da shi ake buɗa baki. Kunu kuwa kullum ƙara masa ruwa nake saboda baƙi, har ya zama in ka leƙa ƙwarya kana hango gindinta. Yana lura, sai ya ɗan kurɓa ya tura wa tsohon nan sauran, ya ce shi ya ƙoshi. Na ga wandonsa ya fara zame masa, ya huda wa ɗamararsa sabon rami da ƙusa.

A wannan daminar babu gobara ko ɗaya, ganguna da kansu suke cika suna zubewa. Sai aka fara buga ƙarfe saboda ruwa. Bango ya faɗa wa wasu, a buga. Gbaka, ƙaramar bas ta haya, ta maƙale da fasinja a kwari, a buga. Tun yana dawowa da laka iya gwiwa har ya fara dawowa da ita iya ƙirji. Wata rana bayan buɗa baki, Illa na zaune a bakin ƙofa, na kasa haƙuri.

Na ce, "Maigida, ku fa 'yan gobara ne. Wa ya naɗa ku sarakunan ruwa?"

Ya ce, "In an buga ƙarfe ba a tambayar mi ya faru, Dije. Fita ake."

"Ka iya iyo?"

"A rijiya iyo ake?"

Na ce, "Ruwan rijiya zaune yake yana jiranka. Wannan gudu yake yi, kuma bai san ka ba."

Illa ya yi dariya ya ce, "Uwargida, kwantar da hankalinki. In dai hannuna na kan igiya, ko aljani ke ja daga ƙasa sai na kawo miki shi."

Na ce masa ya sha kununsa ya bar ni da mijina. Washegari na ɗauke igiyar na cusa ta can ƙasan buhun gawayi. Da ya neme ta bai tambaye ni ba. Ya zazzage buhun, ya ciro ta, ya wanke baƙin, ya naɗe ya mayar da ita kan ƙusarta. Shirun nan ya fi ba ni haushi da a ce faɗa ya yi. Tsoro nake ji, tsoro sosai, ban kuma san yadda zan faɗe shi ba sai da masifa.

Ranar da abin ya faru, ana cikin goman ƙarshe. Tun safe sama ta yi baƙi, bayan la'asar ta saki. Ina tankaɗe na ji ƙarfe. Maigida bai daɗe da shigowa ba, ko rigar bai cire ba. Ya miƙa hannu ya sauke igiyar, ya ce, "Ki ajiye mini kunu da zafinsa." Na saɓa Ramatu a baya na bi shi, ban ko rufe ɗaki ba.

Kanibo ya cika har baki, ruwa ja wur, yana tafe da katakai da kujeru da matattun kaji, ƙararsa ba ta barin ka ji na kusa da kai. Ma Awa ce, wata dattijuwa Bajula mai sayar da ayaba a layinmu. Ta zame daga kan 'yar gadar siminti, Allah ya sa ta cafki bututun famfo da ya ratsa kanibon ɗan gaba kaɗan. Tana rataye a tsakiya, ruwa na dukan ƙirjinta, zane ya tafi. An miƙa gora bai kai ba. An jefa mata igiya, ta ƙi sakin bututun ta kama.

Illa ne ya yi wa Mairijiya ƙullin, ya ja ya gwada, ya koma kan gada ya kafa ƙafa, sauran suka jeru bayansa. Mutanen nan duk azumi ne a bakinsu, ba abin da ke cikinsu sai ruwan kunun asuba. Mairijiya ya kama bututun ya bi shi da hannu, ƙafafunsa na cikin ruwa. Ya isa gare ta. Ya sa kafaɗa a ƙarƙashinta yana turawa, tana matsawa kaɗan-kaɗan, har mutanen ɗaya gefen suka kamo hannunta suka fizge ta waje. Jama'a suka ɗauki kabbara. Yana juyowa wani ƙaton katako ya zo ya doki hannuwansa, ya saki bututun.

Ruwa ya tafi da shi iya tsawon igiya, ta miƙe ta yi tsam. Na ga kansa, na ga ya ɗago hannu. Sai ruwan ya hau bayansa ya danne. Illa ya ce a ja, aka ja. Ya ɗan ɓullo, ya sake nutsewa. Kowa a bakin kanibo, da Bahaushe da Bajula da Baule, da yarensa yake cewa a ja, kar a saki. Igiya na cin tafin Illa, jini na bin gwiwar hannunsa, ruwa na jansa har ƙafarsa ta kai bakin gada, mutane suka rungume ƙugunsa. Bai buɗe hannu ba. Ni ina tsaye ina kallo.

Sun fito da shi ana kiran magariba. Ƙullin na nan daram, sai da wuƙa aka yanke. Aka danna cikinsa, aka juya shi, aka kira shi. Wani ya zo da dabino yana rarraba wa mutane su buɗe baki, ya miƙo mini, na karɓa na riƙe ban san me zan yi da shi ba.

Da safe aka kai shi, cikin yayyafi. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna ce mini yako, yako, gaisuwarsu ta rashi. Ma Awa ta zo ta kwanta a ƙofar ɗakina tana kuka har sai da 'ya'yanta suka ɗauke ta. Illa ya zo hannuwansa naɗe da tsumma, ya durƙusa daga waje ya ce, "Uwargida, ban saki ba. Allah ya gani ban saki ba." Na ce na gani. Kuma da wannan na rayu. A daminar nan akwai waɗanda ruwa ya tafi da su ba a ko ga takalminsu ba. Ni an kawo mini nawa, an yi masa wanka, an yi masa salla, na san inda yake kwance. Na yi takaba a ɗaki mai yoyo ina gode wa Illa a zuciyata.

Shi ma bai yar da mu ba. Gawayi bai taɓa yankewa a gidana ba, shi ya tsaya a auren 'ya'yana duka a matsayin uba. Ni kuma kowace Juma'a in na yi tuwo sai na kai masa da kaina, mu gaisa, mu taɓa hirar gida. Ƙungiyar ta ɗan ƙara shekaru tana ja da baya. Katako ya koma bulo, gawayi ya koma gas, yanzu in wuta ta tashi yaro ma waya yake dannawa. 'Yan Maraɗi suka mutu, 'yan Damagaram suka koma gida, 'ya'yanmu suka shiga ofis da tuƙin mota. Mangwaron an sare, ƙarfen masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke.

Bana, kafin ruwa ya kankama, aka kafa rumfa kusa da unguwar 220 Logements, pampiye suka zo yi wa unguwa bayani kan ambaliya. Aka gayyaci Illa don shi kaɗai ya rage cikin 'yan bokiti. Idonsa ya tafi, jikansa ke jansa. Aka zaunar da shi a gaba aka tafa masa, ni ina bayansa, Ramatu na gefena. Ita yanzu uwar 'ya'ya ce, a kantin magani take aiki, Faransancinta ya fi Hausarta ƙwari, ita ke juya mini abin da ake faɗa.

Wani jami'i, saurayi mai natsuwa, ya yi maganar shara da ke toshe magudana, ya yi maganar wayar lantarki cikin ruwa. Sai ya ɗauko igiya ya ɗaga. Ramatu na raɗa mini, "Ya ce wannan a kiyaye sosai. Ya ce kar a taɓa ɗaure mutum da igiya a ƙugu a sa shi ruwa mai gudu. In igiya ta miƙe, ruwa zai hau kansa ya danna shi ƙasa. Masu ja, duk yadda suka ja, ƙara..."

Na ce, "Ƙarasa."

"Inna, mu tafi gida."

"Na ce ki ƙarasa."

Ta ce, ba ta kallona, "Ƙara nutsar da shi suke. Ya ce in an riga an yi kuskuren, a sassauta, ko a yanke. A bar ruwa ya kai shi inda zai iya fita."

Na san inda kanibon nan yake buɗewa. Gaba kaɗan da gada, bai kai tafiyar zuwa masallaci ba, siminti ya ƙare, ruwa ya bazu a fili iya gwiwa. Can yara ke zuwa tsintar bokitai da takalma bayan ruwa. Can aka taɓa tsintar tunkiya da ranta. Na ji kamar yanzu aka fito da shi.

Illa ya juyo da fuskarsa wajenmu. Faransancinsa na ciniki ne, bai wuce gaisuwa da farashi ba, amma ya ji kalmar igiya. Ya ce, "Hajiya, ke ce nan? Maganar igiya yaron ga yake, ko? Mi ya ce?"

Ramatu ta damƙe hannuna. Na dubi tafukansa a kan gwiwa, fatar ta haɗe ta yi sheƙi, yatsun ba sa miƙewa.

Na ce, "Cewa ya yi aikin igiya sai masu ƙarfin zuciya, Malam Illa."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Yaron ya san aiki."

A hanya Ramatu na kuka tana faɗa da ni, rabi Hausa rabi Faransanci, wai don me zan yi masa ƙarya, wai gaskiya gaskiya ce. Na ce ta rufe mini baki. Na ce mutum ɗaya kanibon nan ya ci mini, ba zan ɗauki na biyu da hannuna in jefa masa ba. Tsoho ne, kwanansa nawa ya rage, ya tafi da abin da ya sani.

Haka na faɗa, kuma har yanzu haka nake gani. Ba na jin haushinsa. Abin da ubanninsu suka koya musu ya yi, da ni ce a kan gadar ma da haka zan yi. Amma abin da na jingina da shi shekara da shekaru an zare shi, ban kuma sami wani ba.

Juma'ar nan na tuƙa tuwo, na yi miyar kuka yadda yake so, na zuba a kwanonsa. Na ɗauki lema na kai har bakin ƙofar gidansu. Ina jin muryarsa daga ciki yana tambaya ko Hajiya ce. Na miƙa wa surukarsa kwanon, na ce ta ce masa ƙafa ke damuna, na juyo cikin ruwan.